Bin Bashi Ta Hanyar Doka: Yadda Za Ka Karɓo Kuɗinka Ba Tare Da Ka Koma Wanda Ake Ƙara Ba

Rigimar bashi a Arewacin Nijeriya ta saba bin hanya ɗaya. Mai kuɗi zai yi ta zarya har ya gaji, sai ya garzaya caji ofis, a ɗauko wanda ake bi ya kwana bayan kanta, 'yan uwa su harhaɗo wani abu a sake shi. Wani kuma Facebook zai hau, ya manna hoton mutum ya rubuta "ɗan damfara" a ƙasa. Ba a jima ba sai ga sammaci, mai bin bashi ya zama wanda ake ƙara, kuɗinsa na nan a waje, ga kuɗin lauya ya hau kansa. Duk abin da ke ƙasa ya ginu a kan magana ɗaya: a idon doka bashi ba laifi ba ne, kuma wanda ya bi shi ta ƙofar laifi ko ta tonon silili yakan yi asara biyu. Bayanin ya shafi dokokin Nijeriya ne, musamman jihohin Arewa. Nijar tsarinta daban.

Mataki na farko: tantance abin da ke hannunka

Kafin ka je ko'ina, ka tambayi kanka yadda kuɗin suka bar hannunka. In rance ka bayar, ko kaya ka ba da bashi, lokaci ya yi aka kasa biya ko aka ƙi, wannan shari'ar haƙƙi ce tsakanin mutum da mutum. Sashe na 32(2) na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama mutum don kawai saɓa yarjejeniya ko rigimar haƙƙi, haka ma sashe na 8(2) na dokar gudanar da shari'ar laifuffuka ta 2015 da ake kira ACJA, wadda jihohi suka yi irin tasu, Kano a 2019. Kotun Ƙoli ma ta nanata a 2018, a shari'ar da ta haɗa Diamond Bank da EFCC, cewa hukumomin bincike ba 'yan karɓo bashi ba ne.

Akwai wuri uku da magana takan tsallaka ta zama laifi. Na ɗaya zamba, sashe na 320 zuwa 322 na Final Kod, wato kundin dokar laifuffuka na Arewa: mutum ya yaudare ka tun farko, da ƙaryar da ita ce ta sa ka saki kuɗin. Ya nuna maka filin da ba nasa ba, ko ya ce kaya na kan hanya alhali babu su. Abin da kotu ke nema shi ne niyyar da yake da ita ranar da ya karɓa. Wanda ya karɓi jari da gaske kasuwa ta juya masa baya ba mazambaci ba ne, ko da shekara nawa ya yi bai biya ba. Na biyu cin amana, sashe na 311 da 312, mai ɗaurin da zai iya kai shekara bakwai: ka damƙa wa mutum dukiya don wani aiki takamaimai, ya karkatar da ita zuwa aljihunsa. Yaron shago da ya sayar ya cinye, uwar adashi da ta tattara ta ɓace, dillalin da ya karɓi kuɗin gida bai kai wa mai gida ba. Bambancin da rance shi ne, kuɗin rance sun zama na wanda ya ranta, yana da ikon ya yi abin da ya ga dama da su, kuɗin amana kuwa naka ne har yanzu. Na uku cek ɗin da banki ya dawo da shi saboda babu isassun kuɗi. Dokar 1977 ta tanadi ɗaurin shekara biyu babu zaɓin tara, da sharaɗin an kai cek ɗin banki cikin wata uku daga ranar da ke jikinsa. Mutane da yawa kan ajiye cek a aljihu suna jiran "ka ƙara mini sati ɗaya" har wata ukun su shige. Ka kai shi banki, ka karɓo shi da tambarin dalilin dawowa a jiki.

A lura, lambobin sassan nan na tsohuwar Final Kod ta 1960 ne. Kaduna ta yi sabuwar tata a 2017, kuma jihohin da ke da dokar laifuffuka ta Shari'a suna da nasu lambobin.

Mataki na biyu: hujja

Nan ake cin shari'a, nan ake faɗuwa, tun kafin a ga fuskar alƙali. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, a kan rubuta bashi da kafa shaidu take, amma har gobe kunya ce ke hana mutane cewa aboki ko suruki ya sa hannu.

Takardar bashi ba sai lauya ya rubuta ba, kuma da Hausa ma ta yi. Abin da ake so ta ƙunsa ke nan: "Ni wane ɗan wane, mazaunin unguwa kaza, na karɓi rancen naira dubu ɗari takwas (N800,000) daga hannun wane a yau, ranar kaza ga watan kaza. Zan biya naira dubu ɗari biyu a ƙarshen kowane wata, daga watan kaza zuwa watan kaza." Sai sa hannu ko dangwale, da shaidu biyu da lambobin wayarsu. A rubuta adadin da lamba da kuma kalmomi, domin sifili ɗaya ba wuyar ƙarawa ko gogewa. A rubuta kalmar "rance" ko "bashi" ɓaro-ɓaro, saboda kariyar da aka fi kawowa kotu ita ce "ai jari ya zuba muka yi kasuwanci tare, aka faɗi", ko "ai kyauta ta ba ni". In wanda zai sa hannu bai iya karatu ba, a karanta masa da harshen da yake ji, wanda ya rubuta ya sa sunansa da adireshinsa da bayanin cewa an karanta masa ya fahimta. Rashin wannan layin kan ba shi damar cewa bai san abin da ya dangwala ba. In akwai wanda ya tsaya masa, shi ma ya sa hannu a kan cewa in ba a biya ba shi zai biya. "Na san shi, mutumin kirki ne" ba lamuni ba ne.

To in aikin gama ya gama, babu takarda fa? Kada ka fara da faɗa. Ka nemi iƙirari a rubuce tun ana ɗasawa. Saƙon WhatsApp irin wannan ya wadatar: "Salam. Don lissafinmu ya daidaita, cikin dubu ɗari takwas da na ranta maka a watan Maris ka ba ni ɗari biyu, saura ɗari shida. Haka ne?" Ko "Haka ne, ka ƙara haƙuri" kawai ya rubuto, ka sami abin riƙewa. Saƙon murya ma hujja ne. Kada ka goge hirar, kada ka yanko rabi ka bar rabi, kada ka sayar da wayar. Ka je bankinka ka karɓo bayanin asusu mai tambari na watan da ka tura kuɗin, domin hoton alat kaɗai ba ya da ƙarfi, kowa ya san ana ƙirƙirarsa. In ta mai POS ka tura, sunansa ne zai fito ba naka ba, don haka ka nemi rasit ɗin, ka kuma san inda za ka same shi in an buƙaci ya ba da shaida.

Duk abin da aka ciro daga waya ko kwamfuta, sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ɗora masa sharaɗi. Hanya mafi sauƙi ita ce a haɗa shi da takardar tabbaci mai sa hannu, wadda ke bayyana na'urar da aka ciro shi daga ciki, yadda aka ciro, da cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin. Shafi ɗaya ce, amma rashinta ya sa an ƙi karɓar hujjoji masu kyau a kotun majistare da babbar kotu.

Kada kuma ka yi barci a kan haƙƙinka. Dokokin ƙayyade lokaci sun ba da shekara shida a Legas da Abuja don ƙarar bashi, wasu jihohi kuma shekara biyar, ana ƙirgawa daga ranar da ya kamata a biya. Iƙirari a rubuce mai sa hannu, ko biyan wani ɓangare, yakan sabunta ƙirgen. A shari'ar Musulunci daɗewa ba ta sauke bashi daga wuyan mai shi, sai dai shaidu na mutuwa, masu rai na mantuwa.

Mataki na uku: takardar neman biya da sulhu

Ka rubuta masa wasiƙa gajeriya: adadin da ake binsa, asalin bashin, asusun da zai biya, da wa'adin kwana 14, bayan haka za ka tafi kotu. Ban da zagi, ban da barazanar "sai na sa an ɗaure ka". Ka yi kwafi biyu, ya sa hannu a ɗaya, in ya ƙi ka aika ta kamfanin kai saƙo ka ajiye rasit.

Cikin kwanakin nan a gwada sulhu ta hannun mai unguwa, shugabannin kasuwa, Hisba, ko cibiyar sulhu ta kotu a jihohin da ke da ita, kamar Kano. Sulhun da ba a rubuta ba, hira ce. A rubuta adadi, ranakun biya, da abin da zai faru in an tsallake biya ɗaya: ragowar duka ta zama abin biya nan take. In har an riga an shigar da ƙara, a kai yarjejeniyar gaban alƙali ya mayar da ita hukunci, ta yadda in an saɓa ba sabuwar shari'a za a soma ba, zartarwa kawai za a nema.

Abin da ba a yi shi ne ɗaukar doka a hannu. Ƙwace babur ɗinsa a hanya, kulle masa shago, ko tura 'yan daba gidansa na iya jawo maka tuhumar sata, kutse ko tsoratarwa, kuma "ai ina binsa" ba kariya ba ce. Ko jingina ce a hannunka, ba ta zama taka don wa'adi ya cika. Sayar da ita ake yi da yardarsa ko da umarnin kotu, ka ɗauki naka, ka mayar masa da rara.

Mataki na huɗu: zaɓen kotu

Ana shigar da ƙara inda wanda ake ƙara yake zaune ko yake sana'a, ko inda aka ƙulla cinikin. Ka tabbatar da sunansa na gaskiya da adireshin da ɗan aiken kotu zai same shi, domin shari'a ba ta motsi sai sammaci ya isa. In yana ɓuya, a nemi izinin kotu a manna a ƙofar gidansa. In kamfani ne mai rajista, kamfanin ake ƙara da cikakken sunansa na rajista, ba manaja ba.

Kotun ƙananan basussuka ita ce ta fi dacewa da kuɗin da adadinsu a fili yake. Legas ta soma ta a 2018 da iyakar naira miliyan biyar, Kano ta biyo a 2019, wasu jihohi suka bi sahu, kowace da iyakarta, sai ka tambaya a ofishin rajistara. Majistare ne ke zama, fom ake cikewa, ba dole sai da lauya ba, kuma an tsara a gama cikin kwana 60. Takardar neman biya sharaɗi ce kafin a karɓi ƙararka, kuma suna da fom nata.

In kuɗin sun wuce hurumin majistare, sai babbar kotun jiha. A can akwai gajeriyar hanya ga bashin da ba shi da wata kariya: lauya ya shigar da takardar rantsuwa tare da hujjoji, in wanda ake ƙara bai nuna kariya ta gaske ba a yanke hukunci ba tare da kiran shaidu ba.

Kotun Shari'a ta fi kusa da jama'a, da Hausa ake yi, kuma ƙa'idarta sananniya ce: hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan mai musu. Za ka faɗi da'awarka dalla-dalla, nawa, yaushe, a ina, gaban wa. In ya yi iƙirari, magana ta ƙare. In ya musa, ka kawo maza biyu adalai, ko namiji ɗaya da mata biyu. A mazhabar Malikiyya, a sha'anin dukiya, shaida ɗaya tare da rantsuwarka ya isa. In ba ka da kowa, shi zai rantse ya kuɓuta, in ya noƙe rantsuwa ta dawo kanka. Ka zaɓi shaidu da lura, domin ba a karɓar shaidar uba ga ɗansa, ko ɗa ga ubansa, ko tsakanin miji da mata, ko ta wanda ke da rabo a cikin kuɗin. In wanda ake bi ya rasu, daga abin da ya bari ake biya kafin rabon gado, kuma ko ka kawo shaidu za a ƙara rantsar da kai cewa ba a biya ka ba, ba ka kuma yafe ba. Kuɗin ruwa kuwa kada ma ka ambace shi a nan. A sauran kotuna ma, kuɗin ruwan kafin hukunci sai in yana cikin yarjejeniya ko al'adar cinikin.

Ranar zama

Ka zo da wuri da asalin takardunka da kwafinsu. In an kira ƙara ba ka nan, ana iya korarta. In shi ne bai zo ba bayan an tabbatar sammaci ya same shi, ana iya sauraronka a yanke hukunci a bayan idonsa. Ka yi magana da alƙali, ba da abokin shari'a ba, ka tsaya a kan lambobi da ranaku. Tarihin alherin da ka yi masa tun yana yaro ba ya ƙara ko kwabo. Adadin da ka faɗa da baki ya dace da na takarda, kuma ka faɗi abin da aka riga aka biya ka da kanka, don in shi ya fito da rasit ɗin da ka ɓoye, sauran maganarka ta raunana.

Ka kasa kunne ga kalma ɗaya. In ya ce "na biya shi", ya amsa cewa an yi bashin, kuma nauyin kawo hujjar biya ya koma kansa. A kotun Shari'a, kafin hukunci alƙali zai yi i'izari, ya tambayi kowa ko yana da sauran magana ko hujja. In kana da ita, lokacin ke nan. Wanda bai gamsu da hukunci ba ya nemi kwafinsa a ranar, domin wa'adin ɗaukaka ƙara gajere ne. Ka kuma tambayi lauya inda za a ɗaukaka, saboda sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki ya taƙaita hurumin Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ga aure, gado, wasiyya, kyauta, waƙafi da riƙon yara. An sha rushe hukuncin ciniki da bashi don an bi ta can.

Mataki na biyar: mayar da hukunci kuɗi

Takardar hukunci ba kuɗi ba ce, kuma kotu ba za ta bi maka su da kanta ba sai ka nema. Hanya mafi tsabta ita ce ta asusun banki. Za ka nemi kotu ta umarci bankinsa ya riƙe abin da ke ciki ya zo ya yi bayani. Ana ba da umarnin wucin gadi, a kai wa banki da shi kansa aƙalla kwana 14 kafin zama, in babu dalilin hanawa a tabbatar da umarnin, banki ya biya ka. Shi ya sa lambar asusun da ka taɓa tura masa kuɗi take da daraja, kuma shi ya sa ba a yi masa shelar abin da ake shiryawa. Hanya ta biyu ma'aikatan kotu su kama kayansa a yi gwanjo, ana farawa da abin da ake iya ɗauka kamar mota da kayan shago. Gida ko fili sai waɗannan sun gaza, kuma da izinin babbar kotu. Ka tabbatar kayan nasa ne, don in na matarsa ne ko na maƙwabci, sabuwar shari'a ka buɗe. Hanya ta uku a kira shi ya bayyana samunsa a gaban alƙali, a yanka masa biya kaɗan-kaɗan. Wanda aka tabbatar yana da hali ya ƙi, ana iya tsare shi. Wanda babu ta kama da gaske, aya ta 280 a Baƙara ta ce a saurara masa zuwa lokacin da ya samu, kuma alƙalan Shari'a na aiki da ita. Don haka tun kafin ka kashe kuɗin ƙara ka bincika ko mutumin yana da abin da za a kama.

In kai aka kama saboda bashi

Kada ka yi gardama da masu kamu a titi. Ka tambayi laifin da ake tuhumarka, ka sanar da wani naka inda aka kai ka. Sashe na 35 na Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya ba ka damar yin shiru har ka ga lauya ko wanda ka zaɓa, ya kuma wajabta a kai ka kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotu a tazarar kilomita 40, ko kwana biyu in babu. Beli a caji ofis kyauta ne a doka, mace na iya tsaya wa mutum, kuma haramun ne a kama mata ko ɗa ko ƙane a madadin wanda ake nema. Kada ka sa hannu a bayanin da ba a karanta maka da harshen da kake ji ba. Ka yi hattara da takardar alƙawarin biya da ake miƙo wa mutum a matsayin kuɗin fansar fita, musamman in adadin ya haura abin da ka sani.

A kotu za a karanta maka rahoton farko na 'yan sanda a tambaye ka ko ka aikata. A nan mutane ke halaka kansu. Mutum ya ji an ambaci kuɗin da ya san ana binsa sai ya ce "haka ne", a rubuta ya amsa laifin zamba, a yanke masa hukunci nan take. Amsar mai bashi ita ce: "Ranka ya daɗe, akwai bashi tsakaninmu, amma ban yi zamba ba, ban ci amana ba." Daga nan ka nemi beli. Nauyin tabbatar da laifi a kan mai gabatar da ƙara yake, sashe na 36(5) ya ɗauke ka marar laifi har sai an tabbatar. Wanda ba shi da kuɗin lauya ya nemi ofishin Hukumar Ba Da Agajin Shari'a ta ƙasa da ke jiharsa. Wanda zai tsaya wa wani beli kuma ya sani, in mutumin ya gudu kuɗin da ya sa wa hannu za a nema a wurinsa.

Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana iya shigar da ƙarar tauye haƙƙi a babbar kotu, sashe na 35(6) ya ba shi diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Akan haɗa da wanda ya kai ƙorafin, in an nuna ba rahoto kawai ya kai ba, shi ya ingiza kamun don a matso masa kuɗinsa. Diyyar da za a yanka masa tana iya fin bashin.

Ɓata suna

Abu uku ke haɗa shi: magana mai zubar da mutunci, wadda aka gane da wa ake, kuma ta isa kunnen wani na uku. Rukunin WhatsApp na 'yan kasuwa ko na dangi ya cika sharaɗin. Ba sai ka ambaci suna ba, in masu karatu sun gane mutumin. Wanda ya tura gaba ma ya yaɗa, "yadda na gani na turo" ba ta fitar da shi.

A Arewa ɓata suna laifi ne a sashe na 391 da 392 na Final Kod, ɗaurin da zai iya kai shekara biyu ko tara ko duka, kuma ana iya neman diyya daban. Masu cewa "ai gaskiya na faɗa" su lura da wannan: a ƙarar diyya gaskiya cikakkiyar kariya ce, amma kai za ka tabbatar da ita, kuma hujjar cewa kana bin mutum dubu ɗari shida ba hujjar cewa ɓarawo ne ba. A ƙarar laifi kuwa gaskiya kaɗai ba ta isa ba, sai an nuna yaɗa ta amfanin jama'a ne. Ƙorafin da ka kai da kyakkyawar niyya ga wanda ke da hurumi, kamar 'yan sanda ko shugaban ƙungiyar kasuwa, yana da kariya. Ɗora hoton takardar ƙorafin a intanet ba shi da ita. In zafin rai ya kai ka ga jifan mutum da zina ko kore shi daga ubansa, a kotun Shari'a wannan ƙazafi ne, bulala tamanin kamar yadda aya ta 4 a Suratun Nur ta faɗa, sai in ka kawo shaidu huɗu. Sashe na 24 na dokar laifuffukan intanet ta 2015, wanda aka daɗe ana kama mutane da shi, an taƙaita shi a gyaran 2024 zuwa saƙon batsa da ƙaryar da aka yaɗa da gangan don ta da hargitsi ko jefa rai cikin haɗari, amma wannan bai taɓa Final Kod ba.

In kai aka ɓata wa suna, kada ka rama, ramuwa na ba shi ƙarar da zai mayar maka. Ka ɗauki hoton rubutun nan take, da sunan shafin, rana, adireshin rubutun da sharhin mutane, kafin a goge. Ka sami mutum biyu da suka karanta suka gane kai ake nufi, waɗanda za su iya faɗin yadda abin ya sauya kallon da suke yi maka. In ka rasa ciniki ko aiki saboda shi, ka ajiye shaidar. Sai lauya ya rubuta a janye, a nemi afuwa a inda aka yi ɓatancin, cikin wa'adi. Rigingimu da yawa a nan suke mutuwa. In za a shiga babbar kotu, dole a kawo kalmomin yadda aka faɗe su da Hausa, harafi da harafi, sannan fassararsu da Turanci, kuma a kira wanda zai tabbatar da fassarar. In kuma kamfanin ba da rance ta waya ne ya bi lambobin da ke wayarka yana aika musu cewa kai ɓarawo ne, ka tattara saƙonnin daga wayoyin waɗanda aka tura wa, ka kai ƙorafi hukumar kare masu saye ta FCCPC da hukumar kare bayanan jama'a ta NDPC, wadda dokar 2023 ta kafa. Bashin da ka ci yana nan sai ka biya, amma ka biya ta asusun kamfanin, ka ajiye rasit, ka kuma nemi takardar da ke nuna an rufe lissafinka.